Yadda Lauya Ke Gudanar da Ƙarar Lahanin Gini a Madadin Ƙungiyar Masu Gidaje a Kalifoniya

A Amurka, rukunin gidajen da mutane ke saya ɗaki-ɗaki yana da ƙungiyar da ke kula da abin da aka yi tarayya a kai: rufi, bangon waje, baranda, bututun ruwa da wurin ajiye motoci. Idan rufi ya fara yoyo ko katako ya ruɓe, ƙungiyar ce ke kai kamfanin da ya yi ginin ƙara. A jihar Kalifoniya, sashe na 5980 na dokar farar hula ya ba ta ikon yin hakan da sunanta, ba sai an haɗa da kowane mai gida ba. Ga yadda lauyan da ya ƙware a wannan fanni ke bin aikin.

Matakin farko shi ne lissafin wa'adi, tun kafin a duba bango ko ɗaya. Gidajen da aka sayar sababbi daga 1 ga Janairu 2003 suna ƙarƙashin dokar da ake kira SB 800. Iyakar wa'adinta shekara 10 ce daga kammala gini, amma a nan ne sabon lauya ke zamewa, don ba komai ke da shekara 10 ba. Aikin famfo da na lantarki shekara 4 ne, fenti 5, shuke-shuken harabar gida 2, na'urar ban ruwa da magudanarta shekara 1 kacal. Ga ƙungiya, gajerun wa'adodin suna fara aiki daga ranar kammala gini ko ranar da kamfanin ginin ya sakar wa ƙungiyar ragamar yanke shawarar kai ƙara, wadda duk ta zo daga baya. Saboda haka a nemo takardar sanarwar kammala gini da rubutattun bayanan tarurrukan kwamitin gudanarwar ƙungiyar tun na farko.

Sai a karanta kundin ƙa'idojin rukunin, wanda kamfanin ginin ne ya rubuta shi tun babu kowa a gidajen. Sau da yawa yakan sa sharaɗin cewa rigima ta tafi gaban mai raba gardama maimakon kotu, kuma a 2012 Kotun Ƙolin jihar, a shari'ar Pinnacle, ta ce sharaɗin yana hawa kan ƙungiya. Idan kundin ya ce sai mambobi sun kaɗa ƙuri'a kafin a kai ƙara, dokar SB 326 ta 2019 ta soke irin wannan shinge.

Bincike shi ne ƙashin bayan aikin, kuma nan kuɗi ke tafiya. A raba wa mazauna takardar tambaya: ina ruwa ke shiga, tun yaushe, wace taga ke zufa. Daga nan mai zanen gini da injiniya su zaga da ido, su zaɓi wuraren da za a fasa. Ana ɓamɓare filasta a gefen taga, a ɗaga daɓen baranda, a fesa wa taga ruwa da ma'auni a ga ko zai ratsa. Abin da aka fi samu bai wuce 'yan kura-kurai ba: takardar hana ruwa da aka jera a juye, ta ƙasa ta hau kan ta sama, ruwa ya bi bayanta, ƙarfen da ke kare bakin taga babu shi, baranda ta karkata wajen ƙofa maimakon wajen indararo. Ruwa ya samu katako a rufe, ba iska, sai ruɓewa. Irin wannan ruɓewar ce ta karya barandar da ta kashe mutum 6 a birnin Berkeley na jihar a watan Yunin 2015.

Kada a zaɓi wuraren da suka fi muni kaɗai. Ba za a fasa taga ɗari uku ba, za a fasa kaɗan ne a yi ƙiyasi a kan sauran, kuma idan zaɓin bai zama na kan-mai-uwa-da-wabi ba, lauyan kamfani zai rusa ƙiyasin cikin sauƙi. Haka nan a ja wa kwamiti kunne kada su yi gyara a ɓoye. In gyaran gaggawa ya kama, a sanar da kamfani, a ɗauki hoto, a ajiye ruɓaɓɓen katakon da lamba da kwanan wata.

Kafin kotu, dole a aika wa kamfani rubutacciyar sanarwar lahani. Yana da kwana 14 ya amsa, wasu 14 ya duba, sannan kwana 30 bayan dubawa ya gabatar da tayin gyara. Tun hukuncin Kotun Ƙolin jihar a shari'ar McMillin a 2018, tsallake wannan mataki na iya sa a dakatar da ƙarar. Mambobi ma ana rubuta musu kwana 30 kafin shigar da ƙara, a kira taro.

Da an shiga kotu, kamfani yakan jawo 'yan kwangilar da suka yi masa rufi, filasta da taga, kowa da kamfanin inshorarsa. A gaskiya kuɗin inshorar ne ake bi, shi ya sa tun da wuri ake neman takardunta. Yawancin ƙararrakin a teburin sulhu suke ƙarewa, kuma makamin lauya a wurin shi ne ƙididdigar kuɗin gyaran kowane wuri. Doka ta yarda a haɗa da kuɗin bincike da na kwashe mazauna da kayansu lokacin gyara.

Kafin kwamiti ya sa hannu, a cire kason lauya da ladan ƙwararru a ga ko abin da ya rage zai gyara wuraren da ruwa ke shiga da waɗanda ke ɗauke da nauyin gini. Bayan sulhu, sashe na 6100 ya wajabta a rubuta wa mambobi lahanin da za a gyara da lokacin da ake sa ran yin gyaran.