Yadda Ake Zuwa Gajeren Hutu da Motar Lantarki a Tsibirin Wight

Tsibirin Wight yana kudancin Ingila, wani siririn teku mai suna Solent ne ya raba shi da sauran ƙasar, kuma da yake ba a gina gada ba, duk mai son shiga da mota sai ya hau jirgin fito. Tsibirin bai da girma, domin tsawonsa daga gabas zuwa yamma kimanin kilomita 37 ne, daga arewa zuwa kudu kuma kimanin kilomita 21. Wannan ƙanƙanta ita ce ta sa ya dace da motar lantarki ƙwarai, amma ita ce kuma take sa mutane sakaci, su ɗauka cewa tunda wurin ɗan ƙarami ne ba sai sun yi tanadin caji ba. Hutun kwana uku ko huɗu a can yana tafiya lami lafiya idan an warware abubuwa biyu tun daga gida, wato inda motar za ta riƙa kwana da kuma yawan cajin da za ta shiga jirgi da shi.

Ya kamata a fara da lissafi, kuma lissafin ba mai wuya ba ne ga wanda ya saba sayen wuta a mita, domin yunit ɗin da ake saya a gida shi ne dai ma'aunin batirin mota. Matsakaiciyar motar iyali tana da batir mai ɗaukar kimanin yunit 60, tana kuma cin yunit 15 zuwa 20 a kowane kilomita 100, gwargwadon gudu da nauyin kaya da yanayin sanyi. Ke nan ratsa tsibirin daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba zai ci fiye da yunit 7 ko 8 ba, kuma ko da iyali sun wuni suna yawo har suka yi kilomita 80, abin da za su ƙona kimanin yunit 15 ne. Babban cin wuta yana kan hanyar zuwa gaɓar teku ne. Daga Landan zuwa Portsmouth, ɗaya daga cikin garuruwan da ake hawa jirgin, kimanin kilomita 120 ne, mafi yawansa a kan babbar hanya inda ake gudu sosai, kuma gudu yana zuƙe batir fiye da komai, don haka mota tana iya isa tashar jirgi bayan ta cinye kusan kashi 40 cikin ɗari na cajinta. A lura cewa allunan hanya a Birtaniya da mil suke ƙirga nisa, mil ɗaya kuwa ya ɗan haura kilomita ɗaya da rabi.

A ganina, zaɓen masauki ya fi kowane mataki muhimmanci, har ya kamata a yi shi kafin sayen tikitin jirgi. Masaukin da yake da cajar bango mai ƙarfin kilowat 7 yana mayar da abin da aka ƙona a yawon wuni guda cikin kimanin awa biyu, yana kuma cika batirin da ya kusa ƙarewa cikin dare ɗaya, ta yadda maigida zai tashi kowace safiya da isasshen caji a mota ba tare da ya ɓata wa iyalinsa lokaci a bakin wata caja ba. Sai dai kada a gamsu da abin da aka rubuta a tallar masaukin kawai. A buga waya a tambaya dalla-dalla: caja nawa ce a wurin, ɗakuna nawa ne suke rabon ta, ana kama layi ne ko wanda ya riga zuwa shi ne da ita, nawa ake biyan yunit, kuma tana da wayarta a jiki ko sai baƙo ya zo da tasa? Otal mai ɗakuna da yawa da caja guda ɗaya tak, a lokacin hutun makarantu, bai bambanta sosai da otal marar caja ba.

Idan gidan haya aka kama kuma babu caja, akwai mafita ta biyu, wato soket na bango mai baki uku, irin dai wanda aka saba da shi a gidajen Najeriya. Ta wannan hanya mota tana samun kimanin kilowat 2.3 kacal, amma a tsibiri irin wannan ya wadatar, domin awa shida zuwa bakwai na dare za su mayar da yunit 15. Wajibi ne a nemi izinin mai gidan tukuna, a kuma yarda da shi a kan kuɗin wutar. Kada a yi amfani da doguwar wayar ƙari ta cikin gida, musamman wadda take naɗe a kan faifai, domin jan wuta mai nauyi na tsawon sa'o'i yana sa ta zafi har ta narke. Bayan rabin awa da fara cajin a je a taɓa fulogin, idan ya yi zafin da hannu ba ya jurewa a cire shi nan take.

Jiragen da suke ɗaukar mota hanya uku suke bi. Kamfanin Wightlink yana fito daga Portsmouth zuwa Fishbourne cikin kimanin minti 45, da kuma daga Lymington zuwa Yarmouth cikin kimanin minti 40, shi kuwa Red Funnel yana tashi daga Southampton zuwa East Cowes cikin kimanin awa ɗaya. A zaɓi hanyar da ta fi kusa da masauki. A watan Yuni ana babban bikin kaɗe-kaɗe a Newport, a tsakiyar bazararsu kuma ana makon tseren jiragen ruwa a Cowes, kuma a waɗannan lokuta gurbin mota yana ƙarewa da wuri, farashi ma yana tashi.

Kafin a isa tashar jirgi, a tsaya a ɗaya daga cikin wuraren hutun matafiya na babbar hanya, inda ake samun cajoji masu sauri da yawa a jere, a ɗaga batirin zuwa kashi 80 cikin ɗari. Bayan wannan matsayi mota da kanta take rage saurin karɓar wuta don kare batirin, saboda haka jiran ya cika maƙil ɓata lokaci ne, ga kuma jirgin da ba ya jiran kowa, wanda ake son a iso masa aƙalla minti 30 kafin tashi. Manhajar Zapmap tana nuna wuraren caji da ƙarfinsu, sau da yawa har da ko suna aiki, kuma tun a gida ya kamata a sauke ta a yi rajista, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Dokar Birtaniya ta 2023 ta wajabta wa cajojin jama'a masu sauri karɓar kuɗi da katin banki kai tsaye, amma wasu tsofaffin cajoji masu jinkiri har yanzu sai da manhajar kamfaninsu. A tabbata wayar caji mai bakin Type 2 tana cikin but, musamman idan motar haya ce, tunda yawancin cajoji masu jinkiri ba su da waya a jikinsu. Mai tsohuwar Nissan Leaf kuma ya tuna cewa bakin cajinsa mai sauri CHAdeMO ne, wanda yake ƙara wahalar samu, ba CCS da yawancin motoci suke da shi ba.

A cikin jirgi, bayan ma'aikata sun nuna wurin tsayawa, a ja birkin ajiya, a kashe motar gaba ɗaya, a kuma kashe ƙararrawar ɓarayi, domin tangaɗin jirgi yana tayar da ita. Masu Tesla su kashe tsarin gadi na kyamarori, a jirgi da kuma inda babu buƙatarsa, saboda yana shan batir a hankali alhali motar tana tsaye.

Tuƙi a tsibirin yana da daɗi, kuma yana da sauƙi ga batir, domin babu babbar hanyar gudu irin ta sauran Ingila. Hanyar da ake kira Military Road, wadda ta bi gaɓar kudu maso yamma zuwa Freshwater, ita ce mafi kyawun gani, kuma daga can babu nisa zuwa fararen duwatsun Needles da suke tsaye cikin teku. Fadar Osborne, inda Sarauniya Victoria ta rasu a 1901, tana kusa da East Cowes. Inda za a yi hattara shi ne Ventnor, garin da yake kwance a gindin tudun St Boniface mai tsayin mita 241, wuri mafi tsawo a tsibirin. Hawan titunansa yana sa ƙiyasin sauran tafiya ya faɗi farat ɗaya, abin da ba ya buƙatar tayar da hankali, domin a gangara motar tana mayar da wani kaso na wutar cikin batir. Amma idan batirin a cike yake maƙil ba shi da inda zai zuba wutar, sai motar ta daina riƙe kanta kamar yadda direba ya saba, don haka da safe bayan cajin dare ƙafa ta zauna kusa da birki.

Cajoji masu sauri a tsibirin ba su kai yawan na manyan hanyoyin Ingila ba, don haka wanda ya dogara da su kada ya bari batir ya sauka ƙasa da kashi 30 kafin ya nemi ɗaya, kuma ya riƙe wuri na biyu a zuciyarsa ko da zai tarar da na farko a lalace ko da layi. Da zarar cajin ya isa a janye motar, saboda wani yana jira, wasu kamfanonin ma suna cin tarar wanda ya bar mota a jone bayan ta gama.

Daren ƙarshe ne kaɗai ya kamata a cika batirin zuwa kashi 100, domin tafiyar komawa ita ce mafi tsawo, kuma motocin da suka sauka daga jirgi ɗaya sukan nufi cajojin farko na kan hanya a lokaci guda. A saita cajin ya kammala daf da lokacin tashi, a ɗumama ko a sanyaya cikin motar tun tana jone da wuta, sannan a naɗe wayar a duba cewa ta koma but kafin a miƙa makullin masauki.