Kafin ka sayi Mazda RX-8: yadda ake auna motar gudu mai injin rotari

Duk mai neman motar gudu da kuɗi madaidaici ba zai daɗe yana bincike ba zai ci karo da Mazda RX-8. A kasuwar motocin hannu farashinta yakan yi ƙasa da na sa'o'inta irin su Nissan 350Z da Honda S2000. Ga ta da kujeru huɗu, ga ƙananan ƙofofin baya, ga nauyinta ya rabu daidai tsakanin gaba da baya, shi ya sa take shan kwana da daɗi. Amma arahar nan tana da dalili, kuma dalilin yana ƙarƙashin bonet.

Injin rotari ƙirƙirar Bajamushe Felix Wankel ne. Mazda ta fara sayar da mota mai irinsa a 1967, wato Cosmo Sport, ta kuma ci tseren Le Mans na Faransa da shi a 1991 da motar 787B. An ƙera RX-8 daga 2003 zuwa 2012 da injin da ake kira Renesis. Ba shi da fistin, ba shi da bawul. Abin da ke ciki rota ce mai kusurwa uku tana juyawa a cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa, kowace fuskarta ɗakin ƙona mai ce. Rota biyu ne, kowace cc 654, jimla 1,308. Samfurin mai giyar hannu shida yana ba da ƙarfin doki kusan 231, yana juyawa har 9,000 a minti ba tare da jijjiga ba. Sai dai a ƙasan juyi ba shi da ƙarfin ja, dole ka riƙa sauko da giya kafin ya amsa.

Rayuwar injin gaba ɗaya tana rataye ne a kan wasu siraran ƙarafa masu kaurin milimita 2 da ke bakin kowace kusurwa ta rota, waɗanda masu kayan gyara ke kira apex seal. Su ke goga bangon gidan su riƙe matsin iska. Idan suka cinye, ko kabon ya maƙale su, matsi ya tafi, kuma babu gyaran da ya wuce a sauke inji a buɗe shi.

Saboda haka kada ka biya ko sisi sai an auna matsin injin, kuma da na'urar rotari. Ma'aunin da bakanike ke amfani da shi a injin fistin yana riƙe lamba mafi girma ne kawai, to idan fuska ɗaya ta mutu, sauran biyun za su rufa mata asiri. Na'urar rotari tana fitar da lambobi shida, uku ga kowace rota, tare da saurin juyin sitata. A yi awon injin yana da zafi, batir kuma a cike. A littafin gyara na Mazda, lafiyayyen inji yana ba da kPa 830 (kPa ma'aunin matsi ne) a juyi 250 a minti, mafi ƙaranci kuwa 680. Bambanci tsakanin fuskokin rota ɗaya kada ya wuce 150, tsakanin rota da rota kada ya wuce 100. Idan sitata ta fi juyi 250 sauri, lambar za ta fito sama da gaskiyarta, sai an daidaita lissafin. Haka ma tudu: awon da aka yi a Jos zai fito ƙasa da na Legas a kan inji guda, domin iskar tudu ba ta da nauyi. Mai mota da ya ƙi yarda a yi wannan awo ya riga ya ba ka amsa.

Inda babu na'urar, akwai gwajin da ke ba da haske ko da bai kai awo ba. Ka tuƙa motar minti ashirin ta ɗau zafi sosai, ka kashe ta, ka jira minti ɗaya ko biyu, ka sake murɗa makulli. Lafiyayya za ta kama cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. Wadda ke tashi garau da safe amma take jan sitata idan ta yi zafi, matsinta ya yi ƙasa, domin zafi yana buɗa ƙarfe ya kuma tsinka baƙin man da ke toshe 'yan kafofin. A kula, sabuwar sitata mai sauri tana iya ɓoye wannan ciwo na ɗan lokaci.

Sannan ka duba ruwa. Injin an jera shi ne faifai-faifai, alminiyom da baƙin ƙarfe, da zoben roba a tsakaninsu. Zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa gidan rota ko ya ƙona zoben. Alamarsa farin hayaƙi mai yawa a tashin safe, ruwan lagireto yana raguwa ba a ga yoyo ba, ko kumfa na tasowa a tankin ruwa injin yana aiki. Wanda zai riƙe motar a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ya ɗauki lagireto, fanka, tamostat da na'urar sanyaya baƙin mai a matsayin abin dubawa na farko. Kada a cire tamostat kamar yadda wasu garejin suka saba, kada kuma a zuba ruwan famfo zalla.

Idan motar ta ci waɗannan gwaje-gwaje, sai maganar zama da ita. Injin rotari yana shan baƙin mai da gangan: akwai ƙaramin famfo da ke feso shi cikin ɗakin ƙonawa don ya jiƙa ƙarafan nan na apex seal. Lita ɗaya a kilomita 1,500 zuwa 3,000 ba ciwo ba ne, ya danganta da irin tuƙinka. Ka ja sandar awon baƙin mai duk bayan shan fetur sau biyu, ka ajiye lita ɗaya a but. Samfurin 2009 zuwa sama ya sami ƙarin bututun feshi na uku a kowace rota, wannan ya sa ya fi na farko daraja idan ka same shi. Masu na farkon da yawa suna ƙara man injin tu-sitirok mai tambarin JASO FC ko FD a tankin fetur, kamar mililita 150 zuwa 300 a lita 60, don ya kai inda feshin bai kai ba.

Kwayil huɗu ne, filogi huɗu, biyu ga kowace rota, kuma na sama da na ƙasa ba iri ɗaya ba ne, kada a musanya su. A canza su tare da wayoyinsu wajen kowace kilomita 50,000. Sakaci a nan yana da tsada: kwayil mai rauni yana barin ɗanyen fetur ya wuce salansa, ya narka matatar hayaƙi, ita kuma idan ta toshe sai zafi ya komo cikin inji.

Kada ka tada motar da sanyi ka matsar da ita daga bakin ƙofa ka kashe. Fetur zai jiƙa filogi ya wanke man da ke bangon gidan rota, ta ƙi tashi. Idan hakan ta faru, ka take totur har ƙasa ka riƙe, ka murɗa sitata kamar daƙiƙa goma. A wannan yanayin kwamfutar motar tana yanke fetur, injin ya fitar da abin da ya taru. Ka huta wa sitata, ka maimaita, sannan ka gwada tashi ba totur. Kuma motar ba ta son lallaɓawa kullum. Bayan ta yi zafi, a buɗe ta zuwa saman juyi lokaci-lokaci don kabon ya ƙone.

Fetur kam tana sha, kusan lita 15 a kilomita 100 cikin gari, kuma mai inganci take so, alhali yawancin gidajen mai a Najeriya nau'i ɗaya suke sayarwa. Injinan farko da yawa sun buƙaci a buɗe su tun kafin kilomita 160,000, har Mazda ta tsawaita garantin inji a Amurka zuwa shekara 8 ko mil 100,000 ga samfurin 2004 zuwa 2008. Don haka ka haɗa kuɗin sake gina inji a cikin farashi tun ranar ciniki, ka kuma san sunan bakaniken da ya taɓa buɗe rotari kafin motar ta iso. Idan daga waje za ka shigo da ita, nemi mai sitiyari a hagu. Na Japan da Ingila a dama suke.

A ganina, wanda mota ɗaya zai riƙe, ko ba shi da irin wannan bakanike kusa, ya duba wani wajen. Nissan 350Z tana da V6 mai lita 3.5, dangin injin Murano da Infiniti FX35, wanda garejinmu suka sani kuma kayansa suna samuwa, sai dai kujera biyu ce. Toyota 86 da tagwaiyarta Subaru BRZ, da suka fito a 2012, suna da inji mai lita 2 da ƙarfin doki kusan 200, suna da sauƙi a hannu kusan kamar RX-8, ba sa kuma shan mai irin nata. Mazda MX-5 ta fi su duka sauƙin riƙewa, amma mai tsayi ya zauna a cikinta tukuna kafin ya yi ciniki. Dukansu gajeru ne a ƙasa, to ka gwada wadda ka zaɓa a kan tudun rage gudu na unguwarku da mutum biyu a ciki.