Yadda Ake Noman Dil a Lambun Hunturu da Yadda Ake Amfani da Shi a Girki da Magani

Dil ganye ne mai ƙamshi, ɗan dangin karas da seleri, wanda a takardar irin da ake sayarwa a Garwa, Marwa ko Njamena za a ga an rubuta masa aneth da Faransanci, masu jin Larabci kuma suna kiransa shibit. Nomansa ba shi da wuya, amma yana da sharaɗi guda wanda duk sauran aikin ya rataya a kansa, wato ba ya jure zafi. Da zarar rana ta ƙwalle, sai ya daina fitar da ganye ya miƙe ya yi fure, saboda haka mai lambu a yankinmu na arewacin Kamaru da Chadi ya ɗauke shi a matsayin shukar hunturu, kamar latas da kabeji.

Mataki na farko shi ne zaɓen lokaci. A ƙasashen Diamare, Binuwai da bakin kogin Logon da Shari, lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, domin shukar ta samu sanyin dare kafin zafin Maris da Afrilu, wanda a Marwa da Njamena yakan haura digiri 40. Wanda ya shuka a ƙarshen Fabrairu zai samu fure da 'ya'ya, amma ganyen da zai tsinka ba zai taka kara ya karya ba. Mutanen Ngaundere sun fi kowa sa'a a nan, domin garinsu yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,100, kuma sanyinsa yana ba su damar shukawa a watanni da yawa, muddin ruwa ba ya kwanciya a wurin.

Daga nan sai gyaran ƙasa. Dil yana da saiwa guda doguwa da ke nutsewa tsaye, don haka yana son ƙasa mai laushi wadda ruwa ke wucewa a cikinta. Jigawa mai ɗan taki ta fi masa laka, kuma wanda lambunsa ke kan baƙar ƙasar nan ta karal, wadda ake dasa masakwa a cikinta, dole ne ya cuɗa ta da yashi da ruɓaɓɓen takin dabbobi, ya kuma ɗaga komin sama kaɗan. A kafce ƙasar zurfin taƙi ɗaya ko fiye, a farfasa hoge, a guji ɗanyen kashin shanu ko na kaji domin yana ƙona ƙananan tsiro. Matar da ba ta da lambu tana iya amfani da tsohon bokiti mai zurfin santimita 30, a huda gindinsa, a ajiye shi inda ranar safe ke samunsa a tsakar gida.

Wurin shukar ne mutane da yawa suke kuskure, saboda sun saba da tumatir da albasa waɗanda ake rainonsu a wuri ɗaya sannan a dasa. Dil ba ya son dashe, kuma idan aka taɓa saiwarsa, ko dai ya bushe ko ya yi saurin fure tun yana ƙarami. A shuka shi inda zai zauna har ƙarshe. A ja layi mara zurfi da yatsa, kamar rabin santimita, a bar tazarar santimita 30 tsakanin layi da layi, a barbaɗa irin, a rufe da ƙasa kaɗan, a danna da tafin hannu. Ban ruwa a kwanakin farko ya kasance yayyafi ne safe da yamma da gwangwani mai ƙananan huji, domin ruwan guga da aka kwarara zai kwashe irin ya tara shi a gefe guda. Tsiro yakan bayyana cikin kwana 10 zuwa 14. Idan ya kai tsayin ɗan yatsa, sai a rage shi a bar santimita 20 zuwa 25 tsakanin tushe da tushe, waɗanda aka cire kuwa ba a zubarwa, sun isa shiga tukunya.

Karan dil siriri ne kuma ciki babu komai, ga shi yana iya kai tsayin mita ɗaya, saboda haka iskar hunturu tana kwantar da shi. Zana ko shingen kara a gefen arewa maso gabas yana maganin wannan. Idan darɓa ta kama shi, a fesa masa ruwan ganyen darbejiya da yamma. Ban ga dalilin fesa maganin ƙwari na kanti a kan ganyen da ake ci ɗanye ba.

Ana fara tsinkar ganye bayan mako shida zuwa takwas, da safe, daga ganyayen waje, ba tare da an cire fiye da kashi ɗaya cikin uku ba a lokaci guda. Mai son ganye ya daɗe a gidansa ya riƙa shuka sabon layi duk bayan mako biyu ko uku, ya kuma tsinke kan fure da zarar ya leƙo. Amma a bar tushe uku ko huɗu su yi furensu rawaya mai kama da buɗaɗɗiyar lema. Idan 'ya'yan sun koma ruwan ƙasa, a yanke kan gaba ɗaya, a shanya a faifai a inuwa, a murje, a sheƙe, a adana a kwalba busasshiya. Irin yana riƙe ƙarfinsa shekara biyu zuwa uku, kuma daga nan an huta da sayen na kasuwa.

A girki, ƙa'idar ita ce ganyen ba ya son wuta, don haka a yayyanka shi a zuba bayan an sauke tukunya. Ya fi haɗuwa da kifi, kuma duk wanda ya gasa karfasa ko giwan ruwa na tafkin Lagdo da lemon tsami da tafarnuwa, ya barbaɗa masa dil, zai ga yadda yake kashe ƙarni. Yana shiga wainar ƙwai, dafaffen dankalin turawa, da haɗin kindirmo da kokwamba da ɗan gishiri. A miyar kuka ko kuɓewa mai daddawa kuwa asararsa ake yi, domin daddawa tana danne ƙamshinsa. Busasshen ganye yana rasa mafi yawan ƙamshin, gara a daskarar da ɗanyen ganyen a firji idan akwai wuta. 'Ya'yan sun fi ganyen ƙarfi kuma suna jure dahuwa, saboda haka ana iya dakansu cikin kayan yaji na farfesu ko a sa su a ƙullun burodi.

Ta fuskar magani, an daɗe ana amfani da 'ya'yan dil wajen rage kumburin ciki da iska. Ruwan maganin ciwon cikin jarirai da ake kira giraf wata, wanda William Woodward ya haɗa a Ingila a 1851, man dil yana cikin sinadaransa. Ga babba, a ɗan daka ƙaramin cokali ɗaya na 'ya'yan, a zuba a kofin tafasasshen ruwa, a rufe minti goma domin kada man ya fice da tururi, a tace a sha bayan abinci. Tauna 'ya'yan kaɗan yana gyara warin baki. Wasu mata suna shan wannan shayi don ƙarin ruwan nono, sai dai bincike bai tabbatar da hakan ba tukuna.

Kada a ɗura wa jaririn da bai kai wata shida ba wannan shayi, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nonon uwa zalla a waɗannan watanni. Mai juna biyu ta tsaya a kan abin da ake sawa a abinci, wanda kuma jikinsa ke ƙaiƙayi idan ya ci seleri ko karas ya yi hattara da shi. Ciwon cikin da ya zo da zazzaɓi, amai ko jini a bayan gida, ko wanda ya wuce kwana biyu bai lafa ba, na asibiti ne.