Yadda ake zama malamin jami'a mai bincike a bayokemistiri da danginsa, daga Kebbi ko Zamfara

A shekarar 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma da Abare. Yaro zai kama jijjiga ya suma, a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Sai da aka auna jini aka gane gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gidaje. Fiye da yara 400 suka rasu. Dalma tana toshe wasu inzayim biyu (furotin masu hanzarta aikin sinadarai a jiki) da jiki ke amfani da su wajen haɗa sinadarin da ke ba jini jansa, tana kuma shiga gurbin kalsiyam a ƙwaƙwalwar yaro. Maganin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka riƙa ba yaran, DMSA, yana kama dalmar ne ya fitar da ita ta fitsari. Sanin duk wannan aikin bayokemistiri ne, kuma ina so 'ya'yan Anka da Zuru da Yawuri su kasance cikin masu gano irinsa.

Fannoni uku ne 'yan uwan juna. Bayokemistiri yana bin sinadaran da ke tafiyar da rai. Bayofiziks yana auna siffar furotin da motsinsa da ma'aunin fiziks da lissafi. Sintetik bayoloji kuma yana sake tsara DNA, wato sinadarin gado, na ƙwayar bakteriya ko yis domin ta samar da abin da ake buƙata, kamar yadda aka sa bakteriya ta samar da insulin ɗin ɗan Adam tun 1978. Ga mai tambayar ko wannan shisshigi ne cikin halittar Allah: babu mai ƙirƙirar rai a lab, sarrafa abin da aka riga aka halitta ake yi, kuma akwai dokar da ke sa ido.

Mataki na farko: sakandare

Wannan gajere ne. Kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, kemistiri, bayoloji da fiziks. A JAMB ka ɗauki Turanci, bayoloji, kemistiri, sai fiziks ko lissafi, bayan ka duba sharaɗin jami'ar da ka zaɓa. Abin da zan ƙara kawai shi ne kada ka saki lissafi da zarar ka samu kiredit ɗinka, domin bayofiziks ba ya yiwuwa ba tare da shi ba.

Mataki na biyu: digirin farko

Ba sai ka yi nisa ba. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero da aka kafa a 2006, da jami'o'in tarayya na Birnin Kebbi da Gusau da aka kafa a 2013, ga kuma Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da ta Ahmadu Bello a Zariya. Shekara huɗu ne. Da yawa cikin 'yan ajin za su kasance waɗanda suka nemi likitanci ba su samu ba, kuma wasu sukan shafe shekara biyu suna jimami. Ka fita daga wannan sahun da wuri. Makin aji ɗaya da aji biyu shi ne mafi sauƙin tarawa, shi ne kuma mafi wuyar gyarawa in ya lalace. Mai son koyarwa a jami'a yana buƙatar daraja ta ɗaya, wato maki 4.50 zuwa sama, ko babbar daraja ta biyu daga 3.50.

Amma takarda rabin aikin ce. Ka saba da ma'aikatan lab, ka gaishe su da girmamawa, ka roƙi a bar ka kana wanke kwalabe. Daga wankin kwalaba ake kai wa ga haɗa ruwan sinadari, daga nan a miƙa maka fifet, na'urar zuƙo ɗan ruwa daidai awo. Ka tsaya ka kalli yadda gwani ke riƙe shi a miƙe, ya danna zuwa tsayawar farko, ya saki a hankali don kada kumfa ta shiga, ya ɗaga bakin zuwa haske ya duba. Wanda hannunsa ya zauna a wannan ya wuce mai haddace littafi. Lokacin SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ɗalibai ke fita yi, ka nemi wurin da ake aikin DNA da gaske, ko da zai ci maka kuɗin mota zuwa Zariya ko Abuja, maimakon wurin da za a sa maka hannu a littafi kawai.

Mataki na uku: bautar ƙasa da neman shiga

Shekarar bautar ƙasa ka yi ƙoƙari a tura ka jami'a ko cibiyar bincike, ka kuma koyi manhajar Python da yammaci. Jami'o'i kan ɗauki masu sakamako mai kyau a matsayin mataimakan malamai, da sharaɗin su wuce digiri na biyu. In ba a ɗauke ka ba, ka nemi gurbin mastas kai tsaye.

Mataki na huɗu: mastas, inda ake zaɓar tambaya

A nan ne hanyar mutane da yawa ke karkacewa. Aikin da aka fi sabawa da shi a sassanmu sananne ne: a jiƙa ganyen sabara ko zogale ko marke a metanol, a ɗura wa fararen ɓeraye, a auna sukarin jini ko inzayim ɗin hanta, a rubuta cewa ganyen yana aiki. Ba na raina wannan. Maganin zazzaɓin cizon sauro na artemisinin daga ganye Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da shi, har ta samu kyautar Nobel a 2015. Sai dai ita ta bi ganyen har ta ware sinadari guda. Daga baya, a 2006, Jay Keasling da abokan aikinsa a Amurka suka sanya ƙwayoyin gadon tsiron cikin yis, yis ɗin ya riƙa samar da tushen maganin a tulun tsimi. Kai ma in ka fara da ganye, ka tambayi kanka wane sinadari ne ke aikin, wane furotin yake kamawa, a wane gurbi.

Tambayoyi kuwa suna ƙofar gidanmu. Cutar sikila canjin amino asid (tubalin da ake gina furotin da shi) ɗaya ce tak, a gurbi na 6 na sarƙar bita ta himogulobin, furotin da ke ɗaukar iska a jini, inda balin ya maye gurbin gulutamik asid. Wannan ɗan canjin ke sa furotin ya manne da juna ya lanƙwasa ƙwayar jini kamar lauje, kuma yadda mannewar ke faruwa tambayar bayofiziks ce zalla. Marigayi Farfesa Andrew Nok na Zariya ya bi inzayim ɗaya na ƙwayar cutar sammore, mai suna siyalides, shekara da shekaru, har ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar da waken SAMPEA 20-T a 2019, mai ɗauke da ƙwayar gadon bakteriya da ke kashe tsutsar maruka mai cin wake. Shinkafar fadamar Argungu, albasar Aliero da ke ruɓewa a rumbu, dalmar da ke ƙasar Bagega ta Anka: kowace ɗaya ta isa ta riƙe mutum tsawon aikinsa.

In lab ɗinku ba shi da kayan aiki, kwamfutar cinya ƙofa ce. Rumbun PDB yana da siffofin furotin sama da 200,000 kyauta a intanet. AlphaFold, shirin kwamfuta wanda ya sa Demis Hassabis da John Jumper suka raba Nobel ta kemistiri da David Baker a 2024, yana hasashen siffar wanda ba a auna ba. Shirin PyMOL zai nuna maka siffar, na GROMACS ya kwaikwayi motsinta. Gargaɗina ɗaya: hasashen kwamfuta cewa sinadari ya kama furotin zato ne har sai an gwada a lab. Ka nemi abokin aikin da zai gwada.

Mataki na biyar: digirin digirgir

Sufabaiza, wato malamin da zai duba bincikenka, ake zaɓa kafin jami'a. Ka karanta maƙalunsa uku na baya-bayan nan, ka tambayi ɗalibansa shekara nawa suke yi kafin su gama, kuma wa ke sayen kayan gwaji. Wasiƙarka gare shi kada ta wuce sakin layi uku: wane ne kai, me hannunka ya iya, wane ɓangaren aikinsa kake so ka ɗora a kai.

A cikin gida akwai cibiyar cututtukan da aka yi sakaci da su a Jami'ar Ahmadu Bello, da ACEGID, cibiyar nazarin gadon ƙwayoyin cuta a Ede ta jihar Osun, inda aka fara karanta jerin gadon ƙwayar korona a Afirka a 2020. A Jami'ar Ghana akwai cibiyar binciken ƙwayoyin cuta ta WACCBIP. A waje akwai tallafin Commonwealth na Ingila, DAAD na Jamus, MEXT na Japan, da TWAS da ICGEB masu hedikwata a Tiriyesta ta Italiya. Ƙanwata, ke kina da ƙarin ƙofa, OWSD, ta mata masu kimiyya daga ƙasashe masu tasowa. Ki duba sharuɗɗan shekarar. Wanda ya riga ya zama ma'aikacin jami'ar gwamnati yana iya neman tallafin TETFund ta hannun jami'arsa. Shekara uku zuwa biyar ne, kuma gwaji zai ƙi yi fiye da yadda zai yi. Ka riƙe littafin lab, ka rubuta kwanan wata da komai, har da ranar da ba a samu sakamako ba.

Mataki na shida: tsanin aiki

In ka samu dama, ka ƙara shekara biyu ko uku kana bincike a wani lab bayan digirgir, don ka koyi wata dabara da rubuta neman kuɗin bincike. Mai mastas yana shiga a matsayin mataimakin lakcara, mai digirgir a lakcara mai daraja ta biyu, sai ta ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa da wasu ke kira rida, sannan farfesa. Galibi shekara uku ce tsakanin mataki da mataki, kuma biyun ƙarshe sai an aika ayyukanka ga masana na waje sun tantance. Ka guji mujallun da ke karɓar kuɗi su buga cikin mako guda ba tare da kowa ya duba ba. Masu tantancewa sun san su. Ka riƙa zuwa taron shekara na ƙungiyar masana bayokemistiri ta Najeriya, NSBMB. Duk aikin da ya shafi sauya DNA kuma sai da izinin hukumar NBMA mai sa ido kan wannan fanni a Najeriya, wadda gyaran dokarta na 2019 ya haɗa da sintetik bayoloji.

Ranar da aka ba ka ɗaki aka ce naka ne, ka fara da wutar lantarki. Na taɓa tara samfurin jini na wata huɗu, na tafi hutun sallah, na dawo na buɗe firiza na tarar da ruwa a ƙasanta da wari, saboda injin ya tsaya kwana uku babu wanda ya sani. Haka na sake komawa asibiti ina roƙon marasa lafiya daga farko. Kuɗin bincikenka na farko ka cire na sola da batir da za su riƙe firiza ɗaya a ma'aunin 20 ƙasa da sifili, ka raba kowane samfuri biyu ka ajiye rabi a firizar wani sashe, ka kuma manna lambar wayarka a jikin ƙofar don mai gadi ya kira ka ko da tsakar dare ne.