Ƙanina, in tuƙin jirgin sama kake so, ga ta inda ake farawa

Wannan rubutun na yaran mu ne na Jos da ke SS1 zuwa SS3, maza da mata, waɗanda in an tambaye su me za su zama sai su ce matuƙin jirgi, mutanen gida kuma su yi dariya su ce wannan ai aikin 'ya'yan masu kuɗi ne. Eh akwai kuɗi a ciki, ba zan ɓoye maka ba, amma wallahi abin da ya fi kayar da yaranmu shi ne rashin sanin me ke gaba da me, sai ka ga an sayar da fili an biya makaranta kafin a san ko idon yaron ma zai wuce gwaji.

To fara da ajin da kake ciki. Dole ka kasance a ɓangaren kimiyya, kuma ka fito da kiredit 5 a WAEC ko NECO, cikinsu har da Turanci da lissafi da fiziks. Fiziks ɗin nan kar ka yi masa haddar cin jarabawa kawai, don shi ne aikin gaba ɗaya. Ɗauki garinmu ma misali, Jos na kan tudu sama da mita 1,200, iska a nan ba ta kai ta Legas kauri ba, shi ya sa jirgin da zai tashi daga filin Yakubu Gowon da ke Heipang yake buƙatar ya ƙara gudu a ƙasa kafin fukafukansa su ɗauke shi, balle in rana ta yi zafi kuma an cika shi da kaya. Irin wannan lissafin matuƙi yake yi kafin kowace tashi. Turanci kuma da shi ake magana ta rediyo da hasumiyar da ke ba jirage umarni a filin jirgi, hukumar jiragen sama ta duniya ICAO ta sa sai ka kai mataki na 4 a gwajinta, kuma ba Turancin burga ake nema ba, a ji ka sarai kai ma ka ji da sauri ko da layin na ƙara.

Sai lafiya, kuma nan nake so ka tsaya sosai. Kafin Baba ya cire ko sisi, a je a yi gwajin lafiya mai daraja ta 1 wajen likitan da NCAA, wato hukumar kula da harkar jiragen sama ta Najeriya, ta amince da shi, ba kowane asibiti ke yi ba. Za su duba ido, kunne, zuciya, jini, fitsari. Sa tabarau ba ya hana ka in dai yana gyara ganin yadda ake so, mutane da yawa ba su san haka ba suna haƙura tun a gida. Wanda ya fi kawo matsala shi ne rashin bambance kala, musamman ja da kore, kuma yaro zai iya girma da shi bai ma sani ba sai ranar da aka buɗe masa littafin ɗige-ɗigen nan aka ce ya karanta lambar da ke ciki. Farfaɗiya da wasu cututtukan zuciya su ma suna tsayar da mutum. Kuma don Allah ƙanina ka nisanci kodin da tiramol da wiwi, ana gwadawa, kuma gwajin ba na rana ɗaya ba ne, duk shekara za ka riƙa komawa muddin kana aikin.

Makaranta fa? Mu 'yan Arewa Allah Ya taimake mu, babbar makarantar tana kusa da mu, kwalejin NCAT da ke Zariya, tun 1964 aka kafa ta, tana horar da matuƙa da injiniyoyin jirgi da masu kula da zirga-zirgar sama. Akwai kuma International Aviation College a Ilori. Masu hali suna tura yara Afirka ta Kudu ko Amurka saboda can an fi gamawa da wuri, sai dai in ka dawo sai ka mayar da lasisin na Najeriya a NCAA. Ko ina za ka, ka tabbatar hukuma ta san da makarantar, kuma duk wanda ya same ka a WhatsApp ya ce ka turo kuɗi zai sama maka gurbi ko tallafi, ka share shi, fom a shafin makarantar ake cikawa.

Lasisin kansa hawa-hawa ne. Kana shekara 16 za ka iya samun na ɗalibi. Za a fara da aji, dokokin sama, yanayi, sanin hanya, injin, maganar rediyo, sannan ka hau ƙaramin jirgi da malami har ranar da zai sauka ya bar ka ka zaga kai kaɗai. Daga nan sai PPL, lasisin tuƙi na ƙashin kai, shekara 17 da awa 40 a sama, amma da shi ba a biyanka albashi. Wanda ake cin abinci da shi shi ne CPL, lasisin tuƙin kasuwanci, shekara 18 da wajen awa 200, a haɗa da horon tuƙi da na'ura zalla lokacin da ba ka ganin komai a waje, wanda duk wanda ya san hazon hunturu a Arewa ya san amfaninsa, da kuma horon jirgi mai inji 2. Na ƙoli shi ne ATPL, shekara 21 da awa 1,500, sai da shi ake zama kyaftin a jirgin fasinja. A takarda karatun Zariya wajen shekara 2 ne, amma ka sa a ranka zai iya wucewa, don in hazo ya rufe ko jirage na wajen gyara zama za ku yi.

Yanzu ga inda ba a cika gaya wa yara ba. Ka riƙe CPL a hannu ba yana nufin Max Air ko Rano Air ko Air Peace za su kira ka gobe ba. Kowane babban jirgi da nasa horon daban, taif retin, in Boeing 737 ne ka yi nasa, in Embraer ne ka yi nasa, yawanci a simuleta, wato na'urar da ke kwaikwayon jirgi a ƙasa, kuma sau da yawa da dala ake biya, wani lokaci kamfani ya biya maka ka sa hannu za ka yi musu aiki na wasu shekaru, wani lokaci kuma a ce ka zo da abinka. Gwamnatin Kano a zamanin Kwankwaso ta tura ɗalibai 100 Jodan koyon tuƙi, kuma da yawansu sun dawo sun daɗe suna jiran aiki. Abin yana min ciwo sosai, yaro ya sha wahala ya gama ya zauna a gida lasisi na neman sabuntawa. Don haka in za a yi lissafin kuɗi a gida, a lissafa har da wannan matakin, miliyoyi ne masu yawa kuma suna bin farashin dala. Shawarata, in da hali ka haɗa da digiri ko wata sana'a, ba wai don dole ne sai da digiri ake tuƙi ba, don ka sami abin riƙewa lokacin jira.

In gidanku babu wannan ƙarfin, kar ka yanke ƙauna. Akwai hanyar soja, ka nemi NDA Kaduna ka zaɓi sojan sama, gwamnati ce ke ɗaukar nauyi, kuma a nan Jos ma muna da makarantun sakandaren sojan sama na maza da na mata. Amma ka shiga da sanin cewa soja za ka zama da farko, ba kowa ake zaɓa ya yi tuƙi ba, kuma ba ka fita ranar da ka ga dama. Sannan ka riƙa bibiyar hukumar tallafin karatu ta jiharku, lokaci-lokaci jihohi kan ɗauki nauyin yara, kuma wanda takardunsa ke a shirye shi ke samu.

Ke kuma ƙanwata kar wani ya ce miki ba aikin mata ba ne. Kyaftin Chinyere Kalu ce mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Najeriya har ta shugabanci NCAT, Blessing Liman kuma 'yar jihar Kaduna ce ta fara tuƙa jirgin soja cikin mata.

A wannan zangon karatun abin da ke gabanka kaɗan ne, ka gyara fiziks da lissafi, ka sa a duba maka ido har da gwajin kala ko a asibitin ido na gari ne kafin babban gwajin, ka tabbatar sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a NIN da takardar haihuwa da rajistar WAEC don gyaransu daga baya wahala ne, sannan in an yi hutu ka roƙi Baba ko wani yayanka ya kai ka Zariya ku tambayi kuɗin makarantar na bana da bakinku.