Wurin da ya dace ka ɗora garmaho mai tsada

Allurar garmaho ba ta bambanta waƙar da ke cikin faifai da rawar da tebur ke yi. Duk motsin da ya iso gare ta sauti take mayar da shi. Nauyin da take danna faifai da shi wajen giram 2 ne kawai, shi ya sa girgizar da tafin hannunka ba zai ji ba ita tana ɗauka, ampili kuma ya ƙara mata ƙarfi.

Kafin ka kashe ko dala, gano inda girgizar ke fitowa. Ɗora faifai, kada ka bari ya juya, sauke allura a kai, sannan ka ɗaga murya sannu a hankali zuwa inda ka saba saurare. Ƙwanƙwasa teburin da yatsa, yi tafiya a ɗakin, buga ƙofa. In ka ji gurnani yana ƙaruwa da kansa, rage murya nan take: lasifika ce ke girgiza allura, allura na mayar mata, kuma hakan na iya ƙona lasifikar.

A Maradi yawancin ɗakuna daɓen siminti ne ko karo a kan ƙasa, saboda haka kukan da Turawa masu daɓen katako ke yi game da takun ƙafa bai cika shafarmu ba. Namu matsalolin su ne lasifika, gurup (injin bada wuta) in an ɗauke kuran, da manyan kamiyo ga wanda gidansa ke bakin hanyar Ɗan Issa ko ta Damagaram.

Irin garmahonka shi ke zaɓen teburi. Linn LP12 yana da sifirin a cikinsa, Rega kuwa da gangan aka yi shi marar nauyi. Su biyun sun fi son teburi marar nauyi amma tsayayye ƙyam, ko kanta a jikin bango. Kada ka ƙara wa mai sifirin wani abu mai laushi a ƙasa, sai su riƙa lilo suna saɓa wa juna. Technics SL-1200 MK2, mai kilo 12 da ɗoriya, da waɗanda suka fi shi nauyi, su ne ke son mazauni mai nauyi.

Mai walda zai iya yi maka teburi na bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, milimita 30, tsayi santimita 70 zuwa 80, kowace ƙafa da noti da ake murɗawa don daidaitawa. A cika bututun da yashin gulbi da aka tankaɗe aka shanya ya bushe ƙarau. Bututu wofi yana amsa amo kamar ƙararrawa, yashi mai laima kuma tsatsa zai jawo. Tsinin ƙarfen nan da ake sa wa ƙafafu ba ya tare girgiza, kafa teburin kawai yake yi da ƙasa.

Inda aka fi yin kuskure wajen roba ne. Hannun garmaho da allurarsa suna da tasu rawar, sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa. Abin da ya lotsa milimita 2 zuwa 4 in an ɗora masa kaya, rawarsa tana faɗawa daidai wannan wurin, sai ya ƙara girgizar maimakon ya rage ta, allura ta yi ta tsalle. Guntun taya ko silifa da ake yankawa a cusa sau da yawa abin da suke yi ke nan. Sifirin da ya lotsa santimita 1 yana sauko da rawar zuwa kusan sau 5, kuma daga nan ake fara cin riba. Hanya mai araha: tubun ƙaramin keke da aka ɗan hura, ba tam ba, a ɗora masa falalen dutse santimita 45 da 40, kauri 3, wanda zai kai kilo 14. Iska tana sulalewa, roba kuma tana tsagewa a zafin Afrilu, sai ka riƙa duba shi duk mako. Wanda ba ya son wannan wahala ya sa kafinta ya yi akwati, a zuba yashi zurfin santimita 5, a kwantar da katako a kai ba tare da ya taɓa gefen akwatin ba. Wannan yana shanye amo, amma ba ya tare dirin kamiyo kamar tubu.

Kantar bango sai a ginin bulo, da kusoshin da ke buɗewa cikin rami. Bangon laka ba ya riƙo. Ka kuma guji bangon da ke ɗauke da ƙofar ƙarfe ko wanda gurup ke bayansa.

Auna da ma'aunin ruwa na magina a kan farantin da faifai ke hawa, gaba da baya, hagu da dama. In ya karkace, gefe ɗaya na allura ne zai ci. Lasifika kada ta hau teburi ɗaya da garmaho, kuma kada a sa garmahon a kusurwar ɗaki, nan sauti mai kauri ke taruwa. Murfin garmahon kuwa, in an bar shi a buɗe yana kama sauti kamar ganga. Cire shi lokacin saurare, ka mayar da zarar ka gama, musamman da hunturu, don ƙura tana cin allura da faifai tare.