Sayen tsohon agogo mai wani: abin dubawa kafin ka biya

Agogon da ba ya cin batir iri biyu ne. Akwai mai wani, wanda ake murza kansa kullum, kamar HMT na Indiya. Akwai kuma otomatik, wanda motsin hannunka ke ɗaure masa sifirin, kamar Seiko 5 da aka fara ƙerawa a Japan a 1963. Irinsu alhazai suka riƙa dawowa da su daga Makka, har yau kuma ana tsintarsu a akwatin tsofaffi, ko a shimfiɗar 'yan gwanjo ranar kasuwa, Juma'a a Wudil, Alhamis a Maigatari. Sabon shiga ya fara da Seiko 5, domin kayan gyaransa ba sa wuya, musamman mai inji 7009, 6309 ko 7S26.

Ba a cinikin biri a sama. Fuska ba ta gaya maka komai, inji ake saye, don haka ka sa mai kaya ya buɗe bayan agogon a gabanka. Tsatsa ja a jikin sukurori ko a sandar kan da ake murzawa alama ce ruwa ya shiga, ka ajiye shi ko da kyauta ne. Dubi ƙaramar ƙafar da ke kai da komowa, wadda masu gyara ke kira balans. Mai lafiya tana lilo da faɗi da kuzari. In tana ɗan karkarwa kawai, man ciki ya bushe ko sifirin ya gaji. A Seiko, lambar da ke jikin injin dole ta zo ɗaya da lambobi huɗu na farko a murfin baya, da ƙananan rubutun da ke ƙasan ƙarfe shida. In sun saɓa, haɗe-haɗe ne. Akwai kuma HMT da Seiko masu fuska shar, ja ko kore, waɗanda aka sake wa fenti aka ɗora kan gajiyayyen inji. Kyan ɗan maciji ke nan. Fuskar da ta ɗan dafe da shekaru ta fi su daraja nesa ba kusa ba.

Sai gwaji. Mai wani ka murza shi a hankali sau ashirin zuwa talatin, ka tsaya da zarar ya yi tauri. In yana ta juyawa ba ya cika, sifirin ya tsinke. Waɗancan injinan Seiko uku ba sa karɓar wani da hannu, girgiza su ake yi gefe da gefe kamar rabin minti. Kifa agogon, tayar da shi, kwantar da shi a gefe, kana saurare. Wanda ke tafiya a kwance amma ya tsaya a gefe, galibi tsinin sandar balans ne ya karye ko ya lanƙwashe, kuma gyaran kan fi kuɗin agogon. In mai kaya ya yarda, saita shi da wayarka ka kwana da shi: sauri ko latti na minti ɗaya a awa 24 ba laifi ba ne ga tsohon agogo. Kada ka canza kwanan wata tsakanin tara na dare da uku na asuba, lokacin haƙoran kalanda suna sarƙe, tilasta su na karya su.

Abin da za ka iya yi a gida kaɗan ne. Maɗauri ka auna tsakanin ƙahonin agogon, yawanci milimita 18, 19 ko 20. Gilashin roba da ya karce, ɗan man goge baki a tsumma mai laushi na rage karcen. Gilashin gaske kam sai canji. Agogon da ya fara gudu da mintoci da yawa rana ɗaya, ka fara zargin maganaɗisu: an ajiye shi kan rediyo ko sifika, zaren balans, wato siririn sifirin da ke naɗe a jikin balans, ya manne da juna ya gajarce. Mai gyara yana cire wannan da ɗan inji cikin daƙiƙu, kada ka taɓa zaren da allura.

Inda aka fi kashe agogo shi ne wurin mai. Man keken ɗinki, kananzir ko man inji suna malala su kai zaren balans, su kama ƙurar hunturu su zama kamar yashi. Wanki na gaskiya shi ne a warware injin gaba ɗaya, a wanke, a ɗiga man agogo irin Moebius da bakin allura a kan ƙananan duwatsun cikin injin, 17 ko 21, inda sassansa ke gogayya, a sa sabuwar robar murfi. Ana yin haka duk bayan shekara biyar ko kusa. Tambayi mai gyara: "Malam, warwarewa za ka yi ko tsomawa?" In ya ce zai tsoma a fetur ya busar, karɓi abinka.

Rubutun hana ruwa da ke bayansa na lokacin da yake sabo ne. Cire shi kafin alwala, haka ma in za ka gona da damina ko za a yi faskare. Ka ga gumi a cikin gilashi, kai shi a buɗe a busar a ranar, domin tsatsa ba ta jiran kasuwar mako.